Gayyar Baba a Gonar Inabi

Ban taɓa ɗanɗana giya ba, kuma da yardar Allah haka zan koma ga Mahaliccina, amma akwai wata farar giyar inabi a Summerfield, wani ƙauye kusa da garin da nake zaune, da nake bin lafiyarta kamar 'yar da na bayar riƙo. Duk shekara sai na je na ji yadda take. Wanda ya ji wannan daga bakin mace irina dole ya nemi bayani, to ga yadda abin ya faru.

Baba ya zo wurina Greensboro, nan ƙasar Turawa, bayan rasuwar Inna. Ni ce babbar 'yarsa, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata. Ƙauyenmu a lokacin ya watse, 'yan bindiga sun hana noma, waɗanda suka tsira sun tare cikin gari wurin dangi. Na yi ta faman takardu har Allah ya sa aka ba shi izinin zama. Tsakiyar sanyi na ɗauko shi daga filin jirgi, da babbar rigarsa da silifas, yana leƙen bishiyoyin bakin hanya da babu ganye ko ɗaya a jikinsu, yana tambayata wace annoba ce ta faɗa musu.

Ina zaune a wani ɗan fulat a hawa na biyu a kan Gate City Boulevard. Tagar falon tana kallon filin da ake sayar da tsofaffin motoci. Mutumin da tun ina yarinya rana ba ta taɓa fito masa a gida ba, shi ne ya koma mai gadin wannan taga. In fita aiki yana nan, in dawo yana nan, tuwon da na ajiye masa ya ci loma kaɗan ya rufe. Wuyansa ya zurma, rigunansa suka fara yi masa yawa. Da sanyi ya fara sauƙi, wata safiya ina ɗaura agogo, ya ce da ni ba tare da ya juyo ba:

"Uwata, kafin damina ta yi nisa a can, zan koma."

"Ka koma ina, Baba? Gonar da ko kare bai isa ya shiga ba?"

"Gara a harbe ni a kan kunya da in ruɓe a kan kujera."

Ni bakina ba shi da linzami, kowa ya shaida. Na yi faɗa, na yi kuka, na lissafo masa mutanen da aka kashe a gonakinsu, ciki har da amininsa. Bai musa mini ko ɗaya ba, kuma wannan ne ya fi tsoratar da ni, don na san Baba in ya yi shiru to magana ta ƙare. Na fita da mota ranar ina jin kamar an riga an yi mini gaisuwar mutuwa.

Aikina jinya ce ta bin gidaje. Shekara guda kafin zuwan Baba na yi jinyar wani tsohon Bature a Summerfield har ya cika, muka shaƙu da matarsa, ba mu daina gaisawa ba. Wata 'yar siririyar tsohuwa ce mai hannu kamar na maƙeri. Gonarsu ta inabi ƙarama ce, a kan gangare, bayan gidajen masu dawaki. Ba ta zuba takin zamani, ba ta fesa maganin kashe ciyawa, kuma a kan wannan ba ta da wasa. Giyar da take yi iri ɗaya ce, fara. Ba ta sayar da sabuwa. Sai ta kwana cikin ganga, ta koma kwalba, a jera ta a ɗakin ƙasa ta yi shekaru, har launinta ya tashi daga na ruwa ya koma kamar na sabon man gyaɗa. Ran Asabar mutane ke zuwa saye. Na sha ganinsu suna juya kofi, su cusa hanci, su kurɓa, su lumshe ido, wani ma ya tofar, duk da sunan gwaninta. Ɗanta da ke wata jiha kullum cikin faɗa yake wai tana sayarwa da araha. Ita kuwa ta ce so take maƙwabcinta ya iya sha da abincinsa na ranar Talata, ba sai ranar biki ba.

Ita na kai wa kukana, ba don ina zaton tana da magani ba. Ta saurare ni har na gama, ta nuna mini wani fili a gefen gonar, tsakanin shingen waya da layin inabi na ƙarshe. Ta ce mijinta a nan yake shuka tumatir, yanzu ƙaya ce ke cinsa, in tsohona yana so ga shi nan. Sharaɗinta ɗaya, kada ƙwayar takin zamani ko ɗigon maganin feshi ya shigo mata gona.

A mota, muna hanyar zuwa ganin filin, na gaya wa Baba gaskiya, don ba na son ya ji daga baya.

"Baba, inabin nan fa giya take yi da shi."

Sai da muka wuce gidajen dawakin ya ce:

"Dawar da na yi ta kaiwa kasuwa, kin san nawa daga ciki ta ƙare a tukunyar burkutu? Ni yakuwata zan shuka. Amma ɗakin kwalabenta ba zan taka ba, ki gaya mata."

Na gaya mata. Ta ce madalla, an rage mata mai shanye mata jari.

Da Baba ya tsuguna a filin ya damƙi jar ƙasar nan ya murza ya sansana, na ga fuskar ubana ta dawo. Wani dattijo ɗan zangon Kumasi da muke masallaci ɗaya, wanda kowa ke kira Alhaji, shi ya ɗauki nauyin kai shi da safe, tunda yana da aikin kai kaya ta wannan ɓangaren. Fartanyar Turawa mai dogon ƙota Baba ya kalla ya ce ta masu tsoron sunkuyo ce, ya sa Alhaji ya datse masa ƙotar. Ya shuka yakuwa, rama, kuɓewa da 'yar gyaɗa. Ya fara cinye tuwonsa har da neman ƙari. Shi ba ya jin Turanci, ita ba ta jin Hausa, amma sai in tarar da su a bakin shinge suna hira da hannu, yana ce mata Madam, tana ce masa Baba. Maganar komawa bai janye ba, ya dai ɗaga ta zuwa bayan ya cire amfanin gona. Na ce a raina, Allah ya kai mu, kafin nan ma san dabara.

Abu ɗaya ke ci masa tuwo a ƙwarya. Tsakanin layukan inabin nan, daga sama har ƙasa, wata ciyawa ce shimfiɗe, mai ganye uku-uku da ɗan farin fure, ƙudan zuma na ta shawagi a kanta. Kullum muka zo tafiya sai ya tsaya ya girgiza kai.

"Dubi yadda ciyawa ta cinye gonar baiwar Allah. Rashin namiji a gida ke nan. Ɗan nata ba ya jin kunya?"

Ni ma haka na ɗauka. 'Yar manomi ce ni, abin da na tashi na sani shi ne gona mai ciyawa gonar rago ce ko ta marar lafiya. Ban taɓa tunanin in tambaye ta ba, don ina ganin tambayar ma cin fuska ce.

Ana cikin haka, farkon zafi, tsohuwa ta zame a matakala ta karya ƙashin ƙugu. Aka yi mata aiki, aka wuce da ita gidan da ake koya wa masu karaya tafiya. Maƙwabcinta ke zuwa ba karenta abinci. Baba ya shiga damuwa ƙwarai, kullum sai ya tambaye ni jikin Madam. Ashe akwai abin da yake ƙullawa. Ranar wata Juma'a bayan an idar da salla, ya tsaya a harabar masallaci ya yi abin da ba a taɓa yi ba a garin nan, ya kira gayya.

Alhaji ne ya ba ni labarin yadda aka yi. Wani malami daga cikinmu ya ce shi bai ga dalilin da Musulmi zai yi gumi a gonar giya ba. Baba ya ce masa, "Malam, matar nan ta ba ni ƙasa ba ta karɓi ko sisi ba, yau tana kwance. Ban ce ku matsa inabi ba, ban ce ku ɗauki kwalba ba. Maƙwabciya ce ciyawa ta cinye wa gona." Wasu suka bi Malam, ban kuma ga laifinsu ba. Wasu suka bi Baba, kuma in ka tambaye ni, rabinsu kewar gida ce ta kai su. Akwai direbobin tasi, akwai mai haɗa magani a kantin magani, akwai wani injiniya da rabonsa da fartanya tun yana firamare.

Ran Asabar na tashi daga aiki da azahar na wuce da kulolin tuwo da miyar kuka da matan suka haɗa. Tun daga bakin titi na jiyo waƙa. Maza sun jeru, kowa da layinsa, riguna sun jiƙe sharkaf, Baba na gaba yana ba da waƙar noma suna amsawa, Alhaji na kaɗa bokiti a madadin ganga. Injiniya tafin hannunsa duk ya yi bororo amma ya ƙi ajiye fartanya. Fiye da rabin gonar ya koma ja wur, ƙasa tsirara, an tattara ciyawar an tsiba a gefe. Na tsaya da kula a hannu hawaye na zubo mini. Rabon da in ga Baba yana ba maza umarni suna bi, tun kafin ƙauyenmu ya tashi. Har bidiyo na ɗauka na tura wa ƙannena. Baba ya ce kada in gaya wa Madam, so yake ta gani da idonta.

Kafin a sallamo ta aka yi ruwan nan na bazarar garin nan, mai zuwa da tsawa kamar da bakin ƙwarya, kwana biyu a jere. Alhaji bai samu zuwa ba saboda ruwan, don haka Baba ma bai ga gonar ba. Ranar sallama ni na ɗauko ta, tunda ɗan nata da ya zo duba ta ya riga ya koma. Baba ya sa farar shaddarsa ta Juma'a ya zauna a baya, sai murmushi yake shi kaɗai.

Muna shan kwanar gidan na taka birki ban sani ba. Jar laka ta gangaro ta taru a gindin gonar, ta rufe hanyar mota, ta danne shingen. Tsakanin layukan da aka nome ruwa ya haƙa ramuka, wasu har gwiwa, saiwoyin inabin sun fito fili kamar jijiyoyin hannun tsoho. Ɓangaren da gayya ba ta kai ba kuwa yana nan kore shar, ko gezau bai yi ba.

Na taimaka mata ta fito, ta dafa ƙarfen dogarawarta ta daɗe tana kallo. Da ta yi magana, muryarta ƙasa-ƙasa ce. Na tsaya neman ta inda zan lanƙwasa maganar.

"Uwata, faɗi abin da ta ce. Kada ki sa masa zuma."

Na faɗa. Ciyawar nan shuka ta aka yi. Mijinta ne ya watsa irin da hannunsa, suka yi shekaru suna lallaɓa ta kafin ta kama. Ita ke riƙe ƙasar gangaren, ita ce takin gonar, ita ke kiran ƙwarin da ke cinye masu ɓarna. Abin da ya sa ba ta bukatar buhun taki ke nan. Tsohuwa ba ta ɗaga murya ba, ba ta zagi kowa ba, ta dai juya fuska tana share ido da bayan hannu. Da ta yi masifa ma da ya fi mana sauƙi.

Baba ya tsuguna a cikin lakar nan da farar shaddarsa.

"Ki ce mata rashin sani ne. Ki ce ta yafe mini don Allah."

Bai jira amsa ba ya tashi ya koma mota. Sai da muka iso gida muna hawa bene ya ce, kamar da kansa yake, "Gyaran gangar Auzinawa."

Washegari bai fita ba, jibi ma haka. Alhaji ya yi ta hon a ƙasa, ya hau ya roƙe shi, ya ce, "Baba, ei, ba kai kaɗai ka yi ba, dukanmu ne. Mu je mu ga abin da za a gyara." Baba ya ce da wane ido zai kalli matar. Ya jawo jakarsa daga ƙarƙashin gado ya fara ninke kaya. Ya ce in nema masa tikiti, in na ƙi zai sa Alhaji. Ya ce ƙasar da mutum bai san bambancin shuka da ciyawa a cikinta ba, ba ƙasarsa ba ce, kuma tsufa bai yi masa daɗin da zai koma ɗan koyo ba.

Na rasa da wa zan yi fushi. Na yi da shi, na yi da kaina, har tsohuwar da ba ta ci ba ba ta sha ba na ji haushinta, wai me ya hana ta kafa allo ta rubuta cewa wannan ciyawa mai daraja ce. Ga yakuwarsa can ta fara tasawa babu mai duba ta. A wurin aiki ina auna jinin mutane hankalina na kan jakar nan da ke bakin ƙofa. Tsoro nake ji, tsoro na gaske, don wannan karon ba kewar gona ce kaɗai ke korarsa ba, har da kunya, kuma kunyar dattijo ba ta jin lallashi.

Ran Lahadi da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na buɗe na ga tsohuwa tana haki, ta hawo benen nan da ƙugun da aka yi wa aiki, maƙwabcinta na bayanta da buhu a kafaɗa. Jinyata ta motsa, na fara yi mata faɗan hawa matakala. Ta ce in matsa mata, ba wurina ta zo ba. Ta zauna a kujerar da ke fuskantar Baba, ta sa aka dire buhun a tsakaninsu, ta ce in fassara, kuma ta gane in ina rage magana.

Ta ce ta yi fushi, ba za ta ɓoye ba, kwana biyu ba ta son jin sunanmu. Amma maƙwabcinta ya ba ta labarin mazan da suka cika mata gona suna waƙa, ta ce tunda aka binne mijinta babu wanda ya taɓa yi mata aikin yini ɗaya don Allah. Sannan ta ce ciyawar tata ba ta kamawa da zafi, sai kaka. Kafin nan dole a rufe ƙasar da wani abu mai saurin yaɗo, ita kuma ga yadda take. Ta nuna buhun da sanda.

Baba ya kwance bakin buhun ba da son ransa ba, ya zura hannu ya ɗebo. Wake ne, farin wake mai baƙin ido, irin wanda ya shekara hamsin yana shukawa a ƙarƙashin dawa. Ya kalle shi a tafin hannunsa, ya kalle ni.

"Wannan ai namu ne. A ina ta samo?"

Ta ce kakanninta ma shi suke shukawa in ƙasa ta gaji. Ya ɗan yi dariya ta hanci, karo na farko a makon. Amma bai saki jiki ba. Ya mayar da waken ya kakkaɓe hannu, ya yi tambayar da na san ita ke hana shi sukuni.

"Tambaye ta, inabin bana, na kashe mata shi?"

Ta ɗaga kafaɗa. Ta ce 'ya'yan za su nuna, za a tsinke, za a matsa. Amma ko saiwar da ta sha wuya ta ɓata ɗanɗanon, ko ba ta ɓata ba, wannan babu mai sani yanzu. Giyarta ba ta faɗin gaskiya tana sabuwa. Sai ta kwanta a ɗakin ƙasa ta yi shekarunta, ranar da aka buɗe a ji.

"Shekara nawa?"

"Biyar, shida. Ita ke faɗa, ba ni ba."

Ta gyara zama ta kalle shi ido cikin ido. Ta ce ta san ba ya sha, ita za ta ɗanɗana. Amma wanda ya yi aikin, ya kamata a ce yana tsaye ranar da za a yanke hukunci.

Na fassara ina kallon jakar da ke bakin ƙofa. Baba ya sunkuyar da kai. Can ya ce a garinmu in shanun mutum suka shiga gonar wani, mai shanun ba ya barin gari sai an yi girbi an ga iyakar ɓarnar, wanda ya tafi kafin nan ba a sake kiransa mutum. Ya ce bai taɓa jin girbin da ke ɗaukar shekara shida ba, amma kowace gona da al'adarta. Sai ya juyo gare ni.

"Uwata, kira Alhaji. Ki ce gobe da sassafe, kuma ya zo da shebur."

Sun cike ramukan, shi da Alhaji da waɗanda suka samu dama daga cikin 'yan gayya. Injiniya ya dawo da safar hannu. Wake ya yaɗu ya rufe jar ƙasar kafin ruwa na gaba ya yi wata ɓarna, muka ci ɗanyensa, muka ci busasshe, harawar kuma tsohuwa ta hana a kwashe, ta ce a bar wa ƙasa abinta. Da kaka ta koya masa watsa irin ciyawar, tana zaune a kujera tana nuni da sanda. Yau duk Summerfield babu mai kishin ciyawar nan kamar Baba. Na taɓa ganinsa yana korar wani mai sayen giya da ya taka ta da mota, da Hausa tsantsa, mutumin kuma ya fahimta sarai.

Ranar tsinkar inabi ba ya zuwa, ɗakin ƙasa kuwa har yau bai san kalar cikinsa ba. Filinsa ya ƙaru, ya kai har bakin rafi. Yakuwarsa da kuɓewarsa ake rabawa a masallaci ran Juma'a, Malam ma yana karɓa, ya dai ce a wanke da kyau. Ya koyi Turancin da bai wuce na gaisuwa da na faɗa da kare ba. Labarin gida wani lokaci da sauƙi, wani lokaci babu, yana bi a waya, yana aika abin da ya samu. Jakar ta koma ƙarƙashin gado ban san ranar da ta koma ba.

Da shekara ta biyar ta cika, bayan an gama aikin kaka, tsohuwa ta ce mu zo. Baba ya sa shadda. Ya tsaya a waje, nesa da ƙofar ɗakin ƙasa, hannu a baya kamar mai jiran alƙali. Ni kuwa na san in aka yanke hukunci, ko na daɗi ko na ɗaci, abin da ya riƙe shi ya ƙare. Ta fito da kwalba ɗaya ta shekarar gayya, ta buɗe, ta zuba kaɗan a kofi. Ta ɗaga shi a rana, ta juya, ta sansana, ta kurɓa, ta riƙe a baki. Ina tsaye kusa da ita, na ga yadda idonta ya yi haske, na ga gefen bakinta ya motsa. Na yi jinyar mutane da yawa, na san fuskar wanda ya ji abu mai daɗi. Ta haɗiye, ta ɓata rai, ta girgiza kai.

"Ba ta kai ba. A ƙara mata shekara."

Bara ma haka ta ce. Bana, da muka je, ta ma fi daɗewa tana juya kofin kafin ta ce tukuna.

Muna dawowa, mun baro gidajen dawaki, Baba na gaba yana ɓare gyaɗa a cinyarsa, na kasa haƙuri.

"Baba, anya matar nan gaskiya take gaya maka?"

Ya watsa gyaɗa a baki ya tauna a hankali, yana kallon hanya.

"Na ga motar wani mai kanti ta zo ta kwashi kwali-kwali na giyar shekarar gayya tun bara. Ni makaho ne?"

"To me ya sa ba ka ce komai ba?"

"Ke kin ji ta yanke hukunci? Ni ban ji ba. Ki kula da tuƙinki, Uwata, kuma ki tuna mini in mun isa, irin kuɓewar baɗi yana but ɗin mota, kada ya kwana cikin sanyi."